Amsa ga mai tambaya a kan One Deck Dungeon: sa'a ce kawai, ko ya kira ƙaninsa?

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce yayanka da ya dawo daga karatu a waje ya kawo maka tsarabar wasan One Deck Dungeon, wasan kati da ake shiga kogo hawa-hawa ana yaƙar dodanni, ka zauna kai kaɗai ka buga har sau shida, amma ko sau ɗaya ba ka taka hawa na uku ba. Kana so ka san ko wasan sa'a ce zalla, kuma in ka jawo ƙaninka kuka buga tare ko abin zai yi sauƙi.

Na shekara da shekaru ina buga wannan wasa, na kuma koya wa mutane da dama, kuma kusan kowa da irin wannan kuka yake farawa. Sa'a tana da nata kason, ba zan ɓoye maka ba. Amma abin da ya kashe ka sau shida ba dayis, wato abin jefawa irin na lido, ba ne, lokaci ne. Ƙaninka kuwa ba zai sauƙaƙa maka wasan ba, zai dai mayar da shi wani wasa daban. Shawarata ka ci gaba kai kaɗai har ranar da ka tsaya gaban babban dodo da ƙarfinka, sannan ka shimfiɗa masa tabarma.

Wani Ba'amurke mai suna Chris Cieslik ne ya tsara wasan, kamfanin Asmadi Games ya fitar da shi a 2016. Yana da dangi biyu da suka rigaye shi. Shiga kogo, yaƙar dodanni da tara kaya, gado ne daga wasan Dungeons & Dragons na 1974. Dokar nan kuma ta cewa in ka mutu ka koma farko da hannu wayam, wasan kwamfuta mai suna Rogue na 1980 ne ya yi suna da ita. Na faɗi wannan ne don ka san shan kashi a cikin jinin wasan yake. An gina shi ne don ka faɗi sau da yawa, kowace faɗuwa ta koya maka abu ɗaya. Sau shida ba abin kunya ba ne.

To, zuba katunanka a gabanka mu yi lissafi. Katunan ɗakuna 44 ne, katin matakala yana ƙarƙashinsu. Wannan tarin shi ne kogon, shi ne kuma agogonka. Duk lokacin da zagayenka ya zo, kafin ka yi komai, sai ka zubar da kati biyu. Daga nan ko dai ka jera katuna a kife a matsayin ƙofofi har su cika huɗu, ko ka buɗe ɗaya ka shiga. Jera ƙofofi huɗu yana cin kati shida: biyun zagaye da huɗun da ka jera. Shiga ɗakunan huɗu kuma yana cin takwas. Ke nan kowane faɗa huɗu yana lashe kati 14. A hawa na farko, ko da komai ya tafi daidai, abin da za ka samu bai wuce faɗa goma sha biyu ba. Kuma komai ba ya tafiya daidai, domin duk gurbin da ke jikin katin ɗaki da ka kasa rufewa da dayis, mai alamar kwalbar yashi, kati ne zai ƙara tafiya. Ga kuma abin da sabon shiga ba ya lura da shi: duk katin da ka ci ka ɗauka, ba ya komawa cikin tarin. Hawa na biyu ya fi na farko gajarta, na uku ya fi na biyu, alhali katin kogon, wanda yake daban da tarin, yana ƙara maka gurabe a kowane hawa, na baya kuma ba sa tafiya.

Idan wannan ya zauna maka, za ka ga inda kuskuren yake. Na ga mutane da yawa suna tsoron zubar da jini fiye da komai. Su buɗe ƙofa, su ga dodo mai ƙarfi, su gudu. Su buɗe ta biyu, su sake gudu. Gudu a wannan wasa ba kyauta ba ne. Ka biya kati biyu ba ka samo komai ba, ƙofar kuma tana nan a buɗe ta tare maka gurbi ɗaya cikin huɗu. In ka yi haka sau uku a hawa ɗaya, ka yi asarar kusan rabin zagayen faɗa huɗu. Sai ka gangara hawa na biyu da dayis ɗin da ka fara da su, dodanni sun ƙara nauyi, kai kana nan jiya i yau. A nan ake mutuwa, amma tun a hawa na farko aka haƙa kabarin.

Ka tuna dokar da ta fi kowace daɗi a wasan: ba sai ka rufe duk gurabe ba kafin ka ci katin. Muddin ba ka mutu ba, ganima taka ce. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka a bakin ƙofa ita ce, nawa wannan ɗaki zai ci mini, me kuma zai ba ni? Zuciya ɗaya, wato rauni ɗaya, a kan katin da zai ƙara maka dayis har ƙarshen wasa, ciniki ne mai riba. Zukatanka jari ne, an ba ka su don ka kashe da hankali. Kana kuma da kwalbar magani ɗaya tun farko, wadda take warkar da rauni uku in ka sha a farkon zagaye, biyu kacal in ka bari sai wuƙa ta zo wuya. Wannan bambanci na ɗaya ya sha raba mai rai da gawa a wasannina. Da zarar rauninka ya kai uku kuma ka san faɗa mai zafi na gaba, sha kafin ka shiga.

Yanzu dayis, wato ɗan abin nan mai fuska shida irin na lido. Talatin ne a kwalin: takwas ruwan ɗorawa na ƙarfi, takwas ruwan hoda na zafin nama, takwas shuɗɗa na sihiri, da baƙaƙe shida waɗanda suke shiga kowane gurbi. Wanda ya saba da lido ya saba da jefa ɗaya yana addu'ar shida. A nan guda bakwai ko goma kake watsawa a lokaci guda, kuma idan dayis suka yi yawa, halinsu yana zama abin da ake iya hasashe. Riƙe waɗannan alƙaluma, don su ne idonka a bakin ƙofa. Gurbin da yake neman 5 ko sama, dayis ɗaya yana cika shi sau ɗaya cikin uku. In kana da biyu masu launin, damarka kusan 56 cikin ɗari ce. In uku ne, 70. In huɗu ne, 80. Neman 6 kuwa, ko da dayis huɗu gare ka, da ƙyar ka haura rabi. Faffaɗan gurbi, wanda ake tara dayis da yawa a kansa, a lissafa kowane dayis a matsayin uku da rabi. Gurbin 9 da dayis biyu, damarka 28 cikin ɗari ce kawai, da uku kuwa ta kai 74. Saboda haka in ka buɗe ƙofa, ƙidaya gurabe, ƙidaya dayis masu launinsu, za ka san kusan abin da zai same ka tun ba ka jefa ba.

Bayan jefawa ne ainihin wasan yake farawa, kuma nan ne nake roƙonka kada ka yi sauri. Gurabe masu koriyar garkuwa dole su ne farko, babu zaɓi. Sauran kuwa, kada ka fara da wanda ya fi sauƙi. Fara da wanda hukuncinsa ya fi tsada. Gurbi mai zuciya biyu ya fi mai kwalbar yashi ɗaya cancantar babban dayis ɗinka. Kada ka ɗora 6 inda 3 zai isa. Ƙananan dayis, masu 1 da 2, kada ka raina su: yawancin dabarun ƙarfi da na zafin nama dayis suke karɓa a matsayin kuɗi ba tare da duba lambarsa ba, don haka da su za ka biya. Dabarun sihiri ne kaɗai suke duba jimillar lambar shuɗɗan da ka bayar.

Akwai kuma musanya: ka ba da dayis biyu, ka karɓi baƙi ɗaya mai lambar ƙaramin cikinsu. Sababbi suna ƙaunar wannan doka fiye da kima. In ka ɗauki dayis biyu haka kawai, ƙaraminsu a matsakaici biyu da rabi ne. Ribar musanya tana zuwa ne idan kana da manya biyu a launin da ɗakin ba ya nema, misali shuɗɗa 5 da 6 a gaban dodon da ba shi da gurbin shuɗi ko ɗaya. A nan ka mayar da abin da ba shi da amfani ya zama baƙin 5. In ba haka ba, ka rage wa kanka dayis ne a banza.

Ɗakunan tarko daban suke da na dodanni. Ana ba ka hanya biyu, ka zaɓi ɗaya, ka jefa dayis masu launin hanyar kaɗai tare da baƙaƙenka. Sau da yawa hanya mai sauƙi lokaci take ci. Wannan ne dalilin da ya sa jarumar da ta tara launi ɗaya kawai take shan wuya a tarko, ko da tana ragargazar dodanni.

Batun ganima shi ne wurin da na fi so in daɗe, domin nan ake cin wasan. Kowane kati da ka ci abu uku ne a jiki ɗaya. In ka cusa shi ta gefen hagu na katin jarumarka, ya zama kaya, ya ƙara maka dayis. In ka cusa shi ta ƙasa, ya zama dabara, wani lokacin kuma sabon nau'in magani ne. In ka ajiye shi a katin matsayi, ya zama gogewa. Ɗaya kawai za ka zaɓa. A matsayi na farko kaya ɗaya aka yarje maka da dabara biyu, kuma gogewa shida ce take kai ka matsayi na biyu, inda za ka sami ƙarin gurbin kaya, ƙarin kwalbar magani, da baƙin dayis a kowane faɗa. Ga yadda nake yi: katin farko da na ci, in yana da dayis a launin da na gaza, kaya nake mayar da shi. Na biyu da na uku, sai dai in dabarar ta yi fice sosai, gogewa suke tafiya. Burina in kai matsayi na biyu tun tarin bai kai rabi ba. Baƙin dayis ɗin nan da kwalbar magani sun fi kowace dabara guda ɗaya daraja a wannan lokaci. Ka kuma sani, in ka sauya tsohon kaya da sabo, tsohon ba ya ɓata, gogewa yake komawa. Don haka ɗaukar kaya da wuri ba asara ba ce, ajiya ce.

A zaɓen dabaru, ni na fi karkata ga masu gyara abin da na riga na jefa, kamar ƙara lamba, sake jefawa, ko hana rauni, fiye da masu alƙawarin babban bugu da tsada. Duba kuma ƙananan alamomin da suke jikin kowace dabara, domin wata a faɗa kawai take aiki, wata a tarko kawai. Wanda ya cika hannunsa da dabarun tarko zai isa gaban babban dodo ya tarar ba shi da abin yi.

Idan tarin ya ƙare matakala ta bayyana, kowane lokaci da ka ƙara kashewa alama ce a kanta, kowace alama uku kuma rauni ɗaya ce a jikinka. Mutane suna ganin matakala su gangara a guje. Dakata. In akwai buɗaɗɗiyar ƙofa da ka san za ka iya, zagaye ɗaya alama biyu ce kawai, ba ta kai rauni ba. Shiga ka ɗauko ganimarka, amma ka fifita rufe gurabe masu kwalbar yashi a wannan faɗan. Zagaye na biyu a kan matakala ne yake fara cizo, nan kwaɗayi yake zama mabuɗin wahala.

Jarumai biyar ne a kwalin, dukkansu mata. Don koyo, ɗauki mayaƙiyar da aka rubuta Warrior a katinta, ko Paladin, ka shiga kogon diragon, wanda shi ne mafi sauƙi cikin kogo biyar da suke kwalin. Mayaƙiyar ta fi sauran jini, tana yafe kuskure. Mai sihiri tana da daɗi ƙwarai, amma sai ka san katunan tukuna. Kada ka yi ta sauya jaruma bayan kowace faɗuwa. Riƙe ɗaya sau biyar, shida, har ka haddace dodannin da suke mata wuya. Kafin ka fara kuma, juya katin kogon ka dubi gurabun babban dodon da yake jiranka. Faɗansa zagaye-zagaye ne, gurabe masu alamar ƙoƙon kai ne suke raunata shi, kuma bajintar musamman ta jarumarka ba ta aiki a can. In ka san launin da yake nema tun farko, kowace ganima za ka zaɓe ta da shi a ranka.

To, ga maganar ƙaninka. Mutum biyu suna juya katunan jarumai zuwa fuskar da aka yi don biyu, inda kowa yake da dayis kaɗan da jini kaɗan. Ana raba rauni tsakaninku daidai gwargwado, kuma in ɗaya ya faɗi, ku biyun kun faɗi. Ganima ɗaya ce a kowane ɗaki, sai kun yanke wa zai ɗauka. Ƙarfinku a haɗe bai ninka na mutum ɗaya ba, don haka kada ka sa ran sauƙi. Abin da kuke samu shi ne faɗi: in ya ɗauki mai sihiri kai ka ɗauki mayaƙiya, da wuya a sami ɗakin da ba ku da launinsa. Kuna kuma samun ido huɗu a kan dayis, kuma sau da yawa na ga yaro ya hango haɗin da babba ya tsallake.

Amma akwai cutar da take kama duk wasan haɗin gwiwa, kuma ta fi kama wanda ya fi sanin wasan. Komai a buɗe yake a kan tabarma, kai ka riga ka iya lissafi, sai ka ga hannunka ya kai kan dayis ɗinsa: sa wannan nan, ba ni wancan, ɗauki wannan dabara. Kafin a gama hawa na farko, kai kaɗai kake wasa da jarumai biyu, shi ya zama mai jefa maka dayis. A gidajenmu abin ya fi sauƙin faruwa, domin ƙane ba zai ce wa yayansa ya janye hannu ba. Zai ce to, Yaya, ya yi yadda ka ce, gobe in ka kira shi ya ce yana da aiki. Na taɓa rasa abokin wasa ta wannan hanya, yaro mai kaifin basira, kuma har yau abin yana damuna, domin a lokacin ina ganin taimakonsa nake yi.

Tun daga nan na kafa wa kaina ƙa'ida. Ba na taɓa dayis ɗin abokin wasana. Bayan an jefa, shi yake fara magana, ni in saurara. In na ga hanya mafi kyau, tambaya nake yi: wannan gurbin mai zuciya biyu fa, wa zai rufe shi? Ganima kuma, wanda za ta shiga jikin jarumarsa shi yake da maganar ƙarshe. In ya zaɓi abin da na san ba shi ne daidai ba, ina faɗin ra'ayina sau ɗaya in yi shiru. Wataƙila mu faɗi a hawa na biyu saboda haka, amma zai ga dalilin da idonsa, kuma shi ne zai ce a sake.

Wannan ne ya sa na ce ka ƙware kai kaɗai tukuna. Wanda bai natsu da dokoki ba, idan ya zauna koyarwa, rabin lokacin a cikin littafin dokoki yake, rabin kuma cikin fargabar faɗuwa, kuma fargaba ce take sa a ƙwace wa yaro wasa. Wanda ya riga ya ga ƙarshen kogon ba ya jin tsoron a faɗi yau.

Mutum huɗu ma suna bugawa, amma sai da kwali biyu. Na biyun yana iya zama Forest of Shadows da ya fito a 2017, wanda yake tsaye da kansa, ya kuma ƙara dafi a cikin wasan. Ni dai a ganina biyu ne iyakar daɗinsa, huɗu jira yake yawa. Akwai kuma na waya da kwamfuta da kamfanin Handelabra ya fitar a 2018. Yana da amfani ga mai koyo, domin ba ya bari ka karya doka, sai ka gane inda kake kuskure a na hannu. Mutane da yawa sai a nan suke gano cewa sun manta zubar da kati biyu a farkon zagaye, ko sun manta gurabun katin kogon.

Abu ɗaya da za ka iya fuskanta a gida: in manya suka ga kati da dayis, caca ce take fara zo musu a rai. Babu kuɗi a wannan wasa, babu wanda yake cin wani, ku biyun gefe ɗaya kuke. Duk da haka, maganar wasa da dayis tana da hadisi a kanta, malamai kuma sun daɗe suna tattauna ta. Wannan fagensu ne. In ranka bai kwanta ba, kai wa malaminka bayanin wasan yadda yake, ka ji ta bakinsa.

A wasanka na gaba, ajiye takarda da biro a gefe. Rubuta sau nawa ka gudu, a kati na nawa ka kai matsayi na biyu, da dayis nawa ka gangara kowace matakala. Ka yi haka sau uku da mayaƙiya a kogon diragon. In kana sauka hawa na biyu da dayis tara ko goma, baƙin yana ciki, kana kan hanya. In har yanzu bakwai ne, matsalar tana hawa na farko, kuma takardar za ta nuna maka ƙofar da ya kamata ka shiga ka gudu. Turo mini abin da ka rubuta, mu duba tare.